Awa 4 a cikin ƙanƙara: tambayoyinku kan aikin likitan dashen zuciya

Wasiƙun da suka taru a wannan fili sun karkata ga abu guda, wato dashen zuciya da likitocin da ke yin sa. Mun gajarta wasu, mun haɗe masu kama da juna, kuma ba mu sa sunayen masu tambaya ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a aji huɗu na karatun likita. Burina in zama likitan dashen zuciya, amma yayyena suna cewa sai na yi furfura kafin in kai. Shekara nawa ake ɗauka, kuma wa zan duba in yi koyi da shi? Ɗalibi, daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Yayyenka ba su yi ƙarya ba, hanyar tana da tsawo. Ka lissafa: shekara 6 na jami'a, 1 na koyon aiki a asibiti, 1 na bautar ƙasa, sai shekara 6 ko fiye na horon tiyata, inda za ka fara da tiyata ta gaba ɗaya kafin ka koma ɓangaren ƙirji da zuciya. Bayan nan dole ka ƙara shekara 1 ko 2 a asibitin da ake yin dashen da yawa. Idan ba yajin aiki, ba jiran gurbi, shekara 15 ko 16 ke nan daga ranar da ka shiga jami'a.

Hannu kuma a jere yake koyon aikin. Buɗe ƙirji da rufe shi ne farko, sai ciro jijiya daga ƙafa, sai ɗora majinyaci a kan injin da ke maye gurbin zuciya da huhu, sai canza bawul (ƙyauren da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya), sai ɗinka jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. A fannin dashe kuwa, aikin da ake fara damƙa wa matashi shi ne tafiyar dare zuwa wani asibiti don ɗauko zuciya. Sai ya yi wannan sau da yawa kafin a bar shi ya ɗinka, babba na tsaye a gefensa. Abin da ke raba babban likita da ƙarami ba saurin hannu ba ne. Shi ne wanda za a tasa daga barci a karanta masa shekarun mamaci, nauyinsa, hoton zuciyarsa da nisan garin, ya ce a karɓa ko a bari. In ya ƙi zuciya mai kyau, wanda ke jira zai iya mutuwa kafin wata ta samu. In ya karɓi mai rauni, zai iya rasa shi a kan tebur.

Wanda za mu nuna maka shi ne Farfesa Magdi Yakub, ɗan ƙasar Masar. An haife shi a garin Bilbeis a 1935, mahaifinsa likitan tiyata ne. Ya sha faɗin cewa rasuwar ƙanwar mahaifinsa tana budurwar shekaru, saboda tsukewar bawul ɗin zuciya, ita ta ja shi zuwa wannan fanni. Ya gama Jami'ar Alƙahira a 1957, ya tafi Birtaniya a farkon shekarun 1960, ya ɗan zauna a Chicago, sannan ya kafu a asibitin Harefield da ke gefen Landan. A 1974 ya zo Inugu, inda shi da Farfesa Fabian Udekwu suka jagoranci tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya. Shirinsa na dashen zuciya a Harefield kuwa bai kafu ba sai a 1980, shekara 23 bayan ya karɓi digiri. Ɗaya daga cikin majinyatansa na farko-farko, Derrick Morris, ya rayu shekara 25 da sabuwar zuciyar. A 1983 ya yi dashen zuciya da huhu a haɗe karo na farko a Birtaniya. Da ya bar aikin gwamnati a 2001 bai zauna ba. A 2009 ya buɗe cibiyar zuciya a Aswan, can kudancin Masar, inda ake yi wa marasa ƙarfi aiki kyauta, yara da yawa a cikinsu masu lalataccen bawul ko nakasar zuciya ta haihuwa. Ka lura da wannan: mutumin da duniya ta san shi da dashe, ƙarshen aikinsa ya karkata ne ga gyaran zuciya tun kafin ta kai ga buƙatar canji.

Ka kuma karanta tarihin Norman Shumway na Jami'ar Stanford. Shi da Richard Lower ne suka tsara yadda ake ɗinkin a jikin karnuka wajen 1960. Christiaan Barnard ya riga shi yi wa mutum, ranar 3 ga Disamba, 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, kuma majinyacin, Louis Washkansky, ya rasu bayan kwana 18 da ciwon huhu. A 1968 asibitoci suka yi rububi, aka yi dashe kimanin 100 a duniya, mafi yawan mutanen suka mutu cikin 'yan watanni, aka watse. Shumway da mutanensa ne suka tsaya suna binciken dalilin da jiki ke ƙin baƙuwar zuciya, har maganin saikulosforin, mai danne garkuwar jiki, ya shigo a farkon shekarun 1980 aikin ya farfaɗo.

TAMBAYA: Likita, ni tela ne, shekara 30 ina kan keke. An ce ɗinka zuciyar ake yi da allura da zare. Da wane irin zare? Kuma yaya mutum zai rayu a lokacin da ba zuciya a ƙirjinsa? Tela, daga Katsina.

AMSA: Malam, ɗinki ne sosai, kuma za ka fi mutane da yawa gane wuyarsa.

Tawaga biyu ke aiki lokaci guda, a asibitoci biyu, suna magana ta waya. Ta farko tana wurin mamaci. Likita ya buɗe ƙirji, ya kalli zuciyar tana bugawa, ya shafa jijiyoyinta da yatsa ko akwai tauri. In ta yi masa, sai ya matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wadda ake kira awota, ya ɗura ruwan magani mai sanyi, lita 1 zuwa 2, wanda ke tsayar da bugu nan take. Daga wannan minti agogo ya fara. Ana yanko zuciyar, a sa ta a leda uku, ɗaya cikin ɗaya, a binne a ƙanƙara wajen digiri 4. Abin da ake so shi ne jini ya sake shiga cikinta kafin awa 4. Akan kai 5 ko 6 idan mamacin matashi ne, amma kowace awa tana rage mata ƙarfi. Kada kuma ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye, domin daskarewa tana kashe shi.

Tawaga ta biyu ba ta cire tsohuwar zuciya sai ta tabbatar sabuwar tana hanya lafiya. Ana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji da ƙaramin zarto na lantarki. A ba majinyaci hefarin, wajen yunit 300 zuwa 400 kan kowane kilo na nauyinsa, don kada jini ya daskare a cikin tiyo. Sai a sa tiyo biyu a manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga sama da ƙasan jiki, ɗaya kuma a awota. Jinin ya fita zuwa inji, injin ya cire masa gurɓatacciyar iska, ya sa masa iskar oksijin, ya turo shi jiki, lita 4 zuwa 5 a minti ga babban mutum. Akan kuma sanyaya jikin zuwa wajen digiri 28 zuwa 32 don gaɓoɓi su rage buƙata. Amsar tambayarka ta biyu ke nan: injin ne ke riƙe da shi, kuma akwai ƙwararre guda da ba shi da wani aiki sai lura da wannan inji.

Ba duka tsohuwar zuciyar ake cirewa ba. Ana barin bangon baya na ɗakin sama na hagu, inda jijiyoyi huɗu ke shigowa daga huhu, ya zama kamar bakin wuyan riga da za a haɗa sabon yadi. Wurare biyar ake ɗinkewa a tsarin da aka fi bi yau: wannan ɗaki na hagu, jijiyar huhu, awota, da manyan jijiyoyin dawowa guda biyu. Zaren roba ne mai santsi, shuɗi, wanda ba ya narkewa, lamba 3-0 ko 4-0. A wannan lissafi, gwargwadon yawan sifili gwargwadon sirantar zare. Allurar a lanƙwashe take kamar jinjirin wata, kuma da wani ƙarfe mai kama da almakashi ake riƙe ta.

Ɗakin hagu ake fara ɗinkewa, don shi ne a can ƙasa. Da zarar an kwantar da zuciyar a kansa, hannu ba ya sake kaiwa wurin cikin sauƙi, saboda haka ɗinki ɗaya da ya yi sako-sako zai iya jawo zubar jinin da sai an sake ɗaga zuciyar kafin a tare shi. Bakunan biyu kuma ba sa zuwa daidai: ɗakin majinyaci ya kumbura da shekarun ciwo, na mamaci ƙarami ne. Likita yakan ci da yawa a gefe mai faɗi, kaɗan a ɗaya gefen, yadda kake haɗa hannun riga da kafaɗa ba tare da tattara ba. Jijiyar huhu in an bar ta da tsawo sai ta lanƙwashe ta toshe hanya. Jijiyar dawowa ta sama in an ja zarenta da ƙarfi sai bakin ya tsuke kamar na zariyar wando, fuska da hannuwa su kumbura daga baya. A kusa da ita kuma akwai ɗan wurin da ke kunna bugun zuciya, wanda allura ko matsi kan lalata.

Kafin a saki awota dole a kori iskar da ta maƙale a ɗakunan zuciya, domin kumfa ɗaya in ya tafi ƙwaƙwalwa shanyewar jiki ce. Jini mai ɗumi na shiga, sau da yawa zuciyar takan fara motsi da kanta. In ta rikice da karkarwa sai a ba ta ɗan bugun lantarki. Ana barin ta ta huta a kan inji tana bugawa ba kaya, sannan a riƙa sakar mata nauyin jini kaɗan-kaɗan. A nan ne hankalin kowa ke tashi. Ɗakin ƙasa na dama bangonsa siriri ne, bai saba tura jini cikin huhu mai tauri ba, shi kuwa majinyacin da ya daɗe da ciwo jijiyoyin huhunsa sun yi tauri. In ya gaza, sai a sa iskar naitirik oksaid ta cikin na'urar numfashi don ta buɗe jijiyoyin huhu, a ƙara magungunan ƙarfafa bugu, wani lokacin a haɗa majinyacin da ƙaramin injin tallafi na 'yan kwanaki. Gazawar sabuwar zuciya a wannan mataki ita ce kan gaba wajen kisa a watan farko. In komai ya daidaita, a ba da furotamin ya warware hefarin, a maƙala siraran wayoyin lantarki na wucin gadi a jikin zuciyar, a sa tiyon fitar da jini, a ɗaure ƙashin ƙirji da wayar ƙarfe. Awa 4 zuwa 6 ke nan, fiye da haka idan an taɓa buɗe ƙirjin a baya.

TAMBAYA: Abin da ke damuna shi ne inda ake samo zuciyar. In tana bugawa, ai mai ita bai mutu ba. Ashe ba kisa ba ne? Mene ne matsayin addini? Wata Hajiya, daga Maraɗi.

AMSA: Hajiya, tambayarki ita ce tushen al'amarin, kuma likitocin kansu sun daɗe suna kokawa da ita.

Mafi yawan zukatan daga mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta mutu ake samu, galibi bayan haɗarin mota ko fashewar jijiya a ka. Wannan daban yake da dogon suma. Mai dogon suma zai iya farfaɗowa. Wanda tushen ƙwaƙwalwarsa ya mutu ba ya numfashi da kansa, na'ura ce ke hura masa iska, zuciya kuma tana ci gaba da bugawa ne don tana da makunninta a jikinta muddin iska na isa gare ta. A kashe na'urar, cikin mintuna za ta tsaya. Kafin a yanke wannan hukunci sai an tabbatar ba magani ko sanyin jiki ne ya kwantar da shi ba. Sannan a haska ido a ga ko ƙwayar za ta tsuke, a taɓa idon, a ɗura ruwan ƙanƙara a kunne, a taɓa maƙogwaro ko zai yi tari, a ƙarshe a cire na'urar na ɗan lokaci a ga ko zai ja numfashi ko sau ɗaya. A Birtaniya likitoci biyu ne ke yin gwajin, sau biyu, kuma ƙa'idar aikin ba ta yarda ɗayansu ya kasance cikin tawagar dashe ba. Likitan dashe ba shi da ta cewa a kan mutuwar. Ana kiransa ne bayan an gama, iyali kuma sun amince.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ɗauki tsayawar aikin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, wanda ƙwararru suka tabbatar ba ya dawowa, a matsayin mutuwa. A zamanta na Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci don ceton rai, da sharaɗin izininsa kafin ya rasu ko izinin magadansa, ta kuma hana sayar da gaɓa. A kan haka ake dashen zuciya a Saudiyya. Akwai malaman da ba su yarda ba, suna ganin alfarmar gawa da kuma cewa jiki amana ne. Wanda abin ya zo kansa ya zauna da malamin da ya amince da shi, ya kai masa bayanin likita cikakke, domin hukunci kan dogon suma daban, kan mutuwar ƙwaƙwalwa daban.

TAMBAYA: Idan aka sa wa mutum zuciyar wani, halinsa yana canzawa? Zai daina son matarsa? Wata amarya, daga Kumasi.

AMSA: Amarya, kwantar da hankalinki. Tunani da so da tuna baya duk a ƙwaƙwalwa suke. In an ga saurin fushi ko rashin barci a makonnin farko, yawanci maganin firednisolon ne da ake bayarwa bayan dashe, kuma yana raguwa idan aka rage shi. Canjin gaske a bugu yake. An yanke jijiyoyin saƙo da ke haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka sabuwar takan buga 90 zuwa 110 a minti ko mutum na zaune, ba ta saurin ɗagawa idan ya tashi da gudu, sai ya fara da tafiya a hankali na wasu mintuna. Abu mafi haɗari, jijiyoyinta za su iya toshewa bai ji ciwon ƙirji ba.

TAMBAYA: Matata ta haihu wata biyu da suka wuce. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai da filo uku. An yi hoton zuciya aka ce ƙarfinta ya koma kashi 25. Wani ya ce mu sayar da gona mu tafi Indiya a canza mata zuciya. Ku ba ni shawara. Magidanci, daga Sakkwato.

AMSA: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Kada ka sayar da gonar yanzu.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da raunin zuciya na jego, wanda ke zuwa a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Lambar da aka faɗa maka tana nufin kason jinin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya; mai lafiya yana da wajen 55 zuwa 70. Kashi 25 rauni ne babba, amma wannan ciwo yana cikin waɗanda zuciya kan farfaɗo, wasu cikin wata 6, wasu bayan shekara ko fiye. Babu likitan dashe na kirki da zai taɓa ta a wata na biyu, sai dai in tana kwance magungunan allura ne kaɗai ke riƙe da ita.

Abin da take buƙata yanzu likitan zuciya ne da magani ba fashi: mai fitar da ruwa irin Lasix, da irin su enalafiril, bisofurolol ko kabedilol, da sifironolakton, waɗanda likita ke ƙarawa a hankali yana duba hawan jini da ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen miya sosai. A dakatar da kunun kanwa, domin kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, yana tara ruwa a jiki. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya ɗora laifin ciwon a kan kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan daga Kano ya fi nuna talauci, rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jini na lokacin juna biyu. Ko ma mene ne asalin, zuciya mai rauni ba ta ɗaukar ƙarin gishiri da zafi mai tsanani. Ku riƙa auna ta kowace safiya. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, a koma asibiti. Magana mai nauyi kuma, wadda kai ne za ka taimaka a kai: kada ta sake ɗaukar ciki sai hoto ya nuna zuciyar ta dawo daidai kuma likita ya yarda. Ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana kashe mata.

Ko da an kai ga maganar dashe, kuɗi kaɗai ba ya sayen sa. Ana zura siririn tiyo ta wuya a auna taurin jijiyoyin huhu. In ya wuce ma'auni 5 kuma magani bai sauke shi ba, sabuwar zuciya ba za ta iya ba. Ana gwada ta a kan keke a ga iskar da jiki ke iya amfani da ita, kuma sai ta yi ƙasa da wajen mililita 12 zuwa 14 kan kowane kilo a minti ake ganin dashe ya fi magani. Ana duba ƙoda, hanta, suga, tarin fuka da ciwon daji. Mata masu haihuwa da yawa kuma jininsu kan ɗauki sojojin garkuwa da ke yaƙar naman wasu mutane, abin da ke rage zukatan da za su dace da su. Bayan duk wannan sai jira: rukunin jini ya dace, girman jiki ya yi kusa. A Indiya ɗan ƙasa ake fara ba wa, baƙo sai in ba a sami wanda ta dace da shi ba, kuma dole mai jira ya zauna kusa da asibitin, wata da watanni.

TAMBAYA: Ana dashen ƙoda a Kano da Legas. Me ya sa zuciya ta gagara? Ma'aikacin jinya, daga Jos.

AMSA: Abokin aiki, ƙoda biyu ce, ɗan'uwa mai rai zai ba da ɗaya, a sa rana, a yi aikin a ɗakuna biyu na asibiti ɗaya. Haka aka fara a Legas a 2000, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma a 2002. Zuciya kuwa sai daga mamaci, kuma wannan yana buƙatar gadajen kulawa ta musamman da za su riƙe wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ma'aikatan da aka horar su yi magana da iyali cikin makoki, jerin masu jira da kowa ya yarda da adalcinsa, ɗakin gwajin dacewar jini da ke aiki da tsakar dare, mota ko jirgin da zai cika sharaɗin awa 4, da wutar da ba ta ɗaukewa. Mai ƙoda in dashe ya ƙi yana da wankin ƙoda ya koma. Mai zuciya ba shi da irin wannan madogara. A ganinmu abin da ya fi gaggawa shi ne tiyatar buɗe zuciya ta yau da kullum ta zauna da ƙafarta, a kuma tare ciwon bawul tun daga tushe: yaro mai ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta ya sami fenisilin, wanda zazzaɓin gaɓoɓi ya riga ya taɓa shi kuma ya riƙa karɓar allurar fenisilin ta benzatin duk mako 3 zuwa 4.

TAMBAYA: Na ji an sa wa mutum zuciyar alade. Gaskiya ne? Mai sauraron labarai, daga Yamai.

AMSA: Gaskiya ne, Malam, a matsayin gwaji. A Janairun 2022 likitocin Jami'ar Maryland a Amurka suka sa wa David Bennett zuciyar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta 10, ya rayu wata biyu. Na biyu, a 2023, ya yi kusan mako shida. Abin da ya riga ya shiga aiki shi ne famfon lantarki da ake dasawa ya taimaki ɗakin hagu, irin HeartMate 3, wanda wayarsa ke fitowa ta fatar ciki zuwa batir, da kuma akwatin da ke riƙe zuciya da ɗumi tana bugawa a hanya. Da irin wannan akwati asibitin St Vincent's na Sydney ya fara amfani da zukatan da suka riga suka tsaya, a 2014.

TAMBAYA: Kawuna an yi masa dashe a waje, zai dawo gida wata mai zuwa, ni ce zan kula da shi. Me zan kiyaye? Wata 'yar'uwa, daga Kaduna.

AMSA: Barka da arziki, 'yar'uwa. Aikin da ke gabanki ya fi na ranar tiyata tsawo. A manyan cibiyoyi kusan mutum 9 cikin 10 suna wuce shekarar farko, rabin waɗanda aka yi wa kuma suna kaiwa shekara 12 ko fiye, kuma yawancin abin da ke raba su yana faruwa ne a gida.

Magunguna uku ne ginshiƙin hana jiki ƙin sabuwar zuciyar: takrolimus, maikofenolet da firednisolon. Takrolimus irin na sau biyu a rana duk awa 12 ake sha, a lokaci ɗaya kullum. Ana auna shi a jini da safe kafin a sha na ranar. A watannin farko akan nemi 10 zuwa 15, daga baya a sauko 5 zuwa 10, amma lambar da likitansa ya rubuta ita za ki bi. In ya yi ƙasa jiki ya far wa zuciya, in ya yi sama ƙoda ta lalace, hannu ya riƙa rawa, suga ya hau. Tun kafin ya taso ki nemo ɗakin gwajin da ke auna shi, ki kuma tanadi maganin wata uku a hannu. Fashin 'yan kwanaki ya isa ya jawo asarar zuciyar.

Ƙin karɓa ba ya zuwa da ihu. Gajiya ce, ɗan zazzaɓi, kumburin ƙafa, haki, ko hawan jini ya sauka ba dalili. Shi ya sa ake zura tiyo ta jijiyar wuya a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero daga cikin zuciya, guda 3 zuwa 5, a duba a madubin likita, kowane mako a watan farko, sannan a riƙa tsawaitawa. In an ga ƙin karɓa matsakaici ko mai tsanani, akan ba da allurar sitiroid mai ƙarfi kwana 3 a jere. Bayan shekaru kuma akwai toshewar jijiyoyin sabuwar zuciya a hankali, wadda saboda ita ake ba shi maganin kitse ko da kitsensa bai hau ba, ana kuma yin hoton jijiyoyin lokaci-lokaci.

Kada ya sha komai daga kemis ba tare da an tambayi likitansa ba. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da takrolimus ƙasa warwas. Eritromaisin, kilaritromaisin da fulukonazol suna ɗaga shi sama, haka ma lemon girefurut. Ibufurofen da diklofenak suna cin ƙoda. Farasitamol ne nasa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a ajiye su, don ba a san yadda za su yi da maganin ba. Septrin da aka ba shi na kariya ne daga wani ciwon huhu, kada ya daina don yana jin daɗi.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 asibiti ne a ranar, a gwada maleriya amma kada a tsaya a kanta. Ya kwana cikin gidan sauro. Ruwa a tafasa, nono da madara sai dafaffe, nama ya dahu har ciki. Kada ya share ɗakin tantabaru ko kaji, kada ya taɓa kashin mage, ya kauce wa ƙurar gini da rumbun da ya yi fumfuna. Masu zuwa gaisuwa su wanke hannu, mai tari ya yi gaisuwar ta waya. Batun azumi a tattauna da likita da malami tun kafin Ramadan, musamman a shekarar farko. Allurar rigakafin shawara, wadda ake neman katinta wajen tafiye-tafiye, tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ba a yi wa wanda aka yi wa dashe. In tafiya ta kama shi, likita ya rubuta masa takardar uzuri.